Ranar da Baba Ya Koma Bayan Layi

Shekarar da aka fara zaɓen kansila, ina aji shida a Kafanchan, ni da Mama muka fi kowa son Baba ya ci. Ba son mulki ba ne. An yi wa unguwarmu alkawarin rijiya ɗaya, kansila ne kuma zai nuna inda za a haƙa. Mu kuwa kullum sai mun gangara rafi sau uku, wuyana har ya fara shigewa cikin kafaɗa.

Baba malamin makaranta ne, kuma dattijon ikkilisiya. A wurinsa Allah kamar hedimasta yake, ba ya son yaro mai tura kansa gaba. Abokin takararsa tsohon ma'aikacin reluwe ne, ɗan wata majami'a dabam, gidansa can tsallaken layin dogo. Shi a ganinsa Allah kamar direban jirgi yake, in ka tsaya jin kunya a tasha zai wuce ya bar ka. Don haka ya bi gida gida da tulun burkutu, Baba kuwa ya zauna yana azumi.

"Malam, ka fita ka gai da mutane mana!" in ji Mama.

Ya ce, "In Ubangiji ya zaɓe ni, ba sai na yi tallar kaina ba."

Duk da haka mutane suna sonsa. Ran zaɓe aka taru a filin makaranta. Ba takarda, ba akwati: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa. Layin Baba ya kai har gindin mangwaro, Mama ta fara guɗa. Da Baba ya waiwaya ya ga yawan jama'a, sai ya sake shawara. Wai girman kai ne ke neman shigarsa, kuma bai kamata Kirista ya zaɓi kansa ba. Sai ya cire hula, ya taka a hankali, ya je ya tsaya a ƙarshen layin abokin takararsa.

To, an ce wa mutane su tsaya bayan Malam. Ina Malam? Ga shi can. Suka ɗunguma suka bi shi, tsofaffi har da tura juna kada a bar su a baya. Akawun ƙirge ya ga layi ɗaya tal, ya ƙirga, ya rubuta. Mama kaɗai ta rage a wancan gefe, ba kowa a gabanta, guɗar ta maƙale mata a wuya. Ni kam don haushi har kuka na yi.

Aka haƙa rijiya a tsallaken dogo, ta fi rafi nisa. Baba ya ce nufin Allah ne. Mama ta ce amin. Washegari da sassafe ta dire masa bokiti biyu a ƙofar ɗaki.

"Malam, tun da bin baya kake so, ga 'yarka nan za ta rafi. Bi bayanta."

Shekara uku yana bina.