Jirgi Biyu a Kan Dogo Ɗaya

Da ƙarfe uku saura minti huɗu na rana, agogon Faransa, lissafina ya fara rushewa. Amma bari in faro daga gida.

Riyad

Ana idar da sallar asuba Baba ya ɗauko ni daga unguwar Al-Badi'a a motar kafilinsa, wato ubangidan da takardun zamansa ke hannunsa. Taron ɗalibai za ni a Faris, sai dai ya saya mini tikitin jirgin ƙasa in fara sauka Marseille, wurin yayarsa Gwaggo Hajara, wadda za a yi wa aikin zuciya washegari. Shekara goma sha ɗaya ba ta ɗaga wayarsa, tun da mahaifiyarsu ta rasu a Damagaram bai je ba, don an hana shi izinin fita.

A ƙofar filin jirgin Sarki Khalid ya miƙo mini kwalin dabinon Madina.

"Ki tambaye ta ko ta yafe mini. Ƙarfe takwas suke rufe ƙofa ga masu dubiya. Kuma don Allah, Nafisa, ki riƙa buɗe baki. Littafi ba ya nuna hanya."

Faris

Mun yi awa shida da rabi a sama. Tashar jirgin ƙasan tana cikin filin jirgin saman, matakala kawai na sauka. Na zo da karatuna: na san da can kamfanoni ne daban-daban, kowa da layinsa, aka haɗe su a hannun hukuma a 1938, na san a 1981 jirgi mai gudun nan, TGV, ya fara aiki tsakanin Faris da Lyon. Amma da ya shigo, dogon hanci kamar kifi, tsayinsa ya wuce inda idona ya kai, sai na tsaya ina tasbihi har aka busa usur.

Na faɗa ƙofar da ke gabana, tarago na uku. Tikitina ya ce na goma sha shida. Na ce ba komai, zan taka ta ciki, kamar yadda muke yi a jirgin ƙasan Riyad zuwa Dammam. Na ja akwatina har na takwas, sai na tarar da bango.

A hanya

Na zauna a 'yar kujerar bakin ƙofa. Allo ya nuna kilomita ɗari uku a awa, amma ruwan gorata ko motsi bai yi ba. Gonaki kore shar, shanu farare, ƙauyuka na wucewa kafin in ƙirga gidajensu. Motocin babban titi kamar an ɗaure su. Sai a ƙasan allon na ga inda muka nufa: Montpellier, ba Marseille ba.

Awa ɗaya da rabi ina shirya tambaya a zuciyata da Faransancin littafi, na kasa furtawa. Mai duba tikiti, wata mata mai furfura, ita ta same ni.

"'Yata, jirgi biyu ne aka haɗa hanci da hanci, don su ci gurbi ɗaya a kan layi. A Lyon za su rabu. Naki yana gaba. Tun yaushe kike nan?"

"Tun Faris."

"Kuma ba ki tambayi kowa ba? Ana buɗe ƙofa, ki ruga."

Lyon

Ƙarfe biyar. Na ruga, abaya a hannu ɗaya, akwati a ɗaya, dabino a hammata. A daidai mahaɗar na ga hancin biyu manne da juna, na so in tsaya kallo, na tuna Baba. Ina zama a kujerata na ji ɗan girgiza kaɗan. An raba mu ke nan.

Marseille

Bakwai saura kwata muka isa, minti ɗaya bai goce ba. A tasha na tambayi mutum uku hanyar asibiti, da bakina.

Gwaggo ta daɗe tana kallon fuskata.

"Goshin ƙanena Sani ne wannan, ba ko tambaya."

Na ajiye dabinon, na isar da saƙo ina kallon ƙasa. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya tana juyawa a yatsunta har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta nuna agogo. Na sake tambaya.

"Tun yana yaro haka yake, sai ya fasa tulu ya turo wani," in ji ta. "Na yafe tuntuni, 'yar nan. Kira mini shi, ya ji da kunnensa."