Kwanon 'Yar Fari

A gidan da aka kai ni aure a Kwaciri, yara ba sa cin abincin rana a ɗakin iyayensu. Gida ne na gado, sassa-sassa, maigidana da 'yan'uwansa kowa da iyalinsa, ga kuma mahaifiyarsu, Hajiya, da ɗakinta a tsakiya. Duk wadda ta sauke tukunya sai ta zuba na yara a babban tiren Hajiya, su zagaye shi a ƙofar ɗakinta, ita kuma tana kan tabarma da carbinta tana raba musu faɗa a kan nama. Wata rana tiren ya haɗa shinkafa da waken wannan sashe da taliyar wancan, yaran ba ruwansu. A bakin tiren nan 'yata ta koyi cin abinci, a nan kuma ta koyi tsiwa.

Ita ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta, kuma ba zan fara yau ba don na riƙe biro. 'Yar fari a irin gidanmu ta kaka ce. Uwa ba ta yabonta, ba ta shiga faɗanta, ko faɗuwa ta yi ta fasa gwiwa a gaban mutane sai ki kau da kai ki ci gaba da tsintar shinkafarki. Haka na taso na gani, haka na yi, har ana ba amare misali da kunyata.

Tana ƙananan azuzuwan firamare abin ya fara. Da farko ƙifta ido ne, da sauri da sauri, kamar wadda yaji ya faɗa wa. Na ɗauka kallon talabijin ne ya yi yawa. Daga baya sai kafaɗa ta shiga, ta riƙa fizgar ta sama tana haɗa ta da kunne, sannan wani ɗan gyaran murya da ba ya ƙarewa. In aka ce ta daina sai ta daure na ɗan lokaci, fuskarta ta yi tauri, sannan abin ya ɓalle ya fi na da. Malamin Islamiyya ya taɓa zane ta, shi a ganinsa noƙe masa kafaɗa take yi in ya ce ta biya karatu. Ta dawo da shatin bulala a ƙafa, kuma wajen Hajiya ta kai kukanta, don can ne wajen kai shi.

Daga nan kowa a unguwa ya zama likita. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce kambun baka ne saboda yarinyar tana da kyan ido, wata ta ce shawara ce ta hau kai. Hajiya ta fara da abin da ta sani: tofi safe da yamma, rubutu a wanke a sha, zuma da habbatussauda kafin karin kumallo, man zaitun a shafe wuya da kafaɗa. Ana kuma turara ta da wani haɗi mai tafarnuwa da ya sa har kayan makarantarta suka ɗauki wari. Maigidana yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma da alama duk layinsu babu wanda ɗan ƙanwarsa bai taɓa yin irin wannan ciwo ba ya warke. Kusan kullum ya dawo da ƙullin gari ko 'yar kwalba, ya miƙa wa Hajiya, ya je ya kwanta da zuciya ɗaya ya yi nasa. Ni ce mai dafawa, mai tacewa, mai riƙe hannun yarinya tana yunƙurin amai.

Ina koyarwa a wata makaranta a Sabon Gari a lokacin. Akwai abokiyar aikina, Kirista ce, iyayenta daga kudu maso gabas suka zo amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta har ta fi ta wasu 'yan gidanmu daɗi. Madam muke ce mata. Ita ta lura ina gyangyaɗi a ɗakin malamai, ta matsa mini har na gaya mata. Washegari ta zo da bayanin da ta karanto a waya.

"Malama, abinci ne," in ji ta. "Ki cire mata sukari, ki cire lemon kwalba da biskit da alawa, ki daina sa mata dunƙule a miya. Ki ba ta ayaba da gyaɗa da kifi, da ganye sosai. Bayan an tashi zan kai ki wajen mai ugu, ganyen miyarmu ne, ba za ta cuce ki ba in tare muke."

Na ji daɗin maganar, don ko ba komai wannan magani ne da ba ya wari. Muka shiga kasuwa, ta koya mini yadda ake yanka ganyen da yadda ake sa shi a ƙarshe kada ya mutu. Na kai wa Hajiya labari da ladabi, na ce wata malama ce ta ba da shawara. Ba ta ƙi ba. Sai dai ita ma mai maganin da take karɓo rubutu a wajensa ya ba ta nasa sharuɗɗan: ban da kifi, ban da ƙwai, ban da duk miya mai yauƙi, ban da man gyaɗa. Madam ta ce kifi, Hajiya ta ce ban da kifi, ni kuma ba ni da bakin zaɓa, sai na bi duk hanin biyu. Da na haɗa su, abin da ya rage wa yarinyar bai wuce shinkafa fara da ganye da ɗan manja ba, sai ayaba.

Ba zai yiwu gida guda ya koma cin wannan ba, don haka tukunya ta zama biyu. Na tashi na dafa na gida, na dafa nata daban kafin na fita aiki, na dawo na sake. Na gaji a shekarar nan gajiyar da har yau in na tuna sai na ji ta a bayana. Hajiya kuma ta aika aka sayo wani kwanon silba mai murfi, ta ce na ƙawarta ne, haka take kiran jikar tata. A ciki za a zuba mata abinci, a ciki za ta sha rubutu, kuma kada wani ya taɓa shi saboda ayoyin da ake wankewa a ciki. Da kyakkyawar niyya ta yi, na sani. Sai aka koma yara suna zagaye da tire, 'yata tana gefe a kan tabarmar Hajiya da kwanonta a cinya, tana kallon yadda ake wawar nama.

A garin nan kuwa kowa ya san wanda ake ware wa kwano. Mai tarin da ba ya jin magani ne, ko mai farfaɗiya, ko mai ciwon da ba a son faɗin sunansa. Ba wanda ya tsaya tambayar ko don dunƙule ne. Maƙwabta suka shigo suka ga kwano mai murfi a gefe, suka fita da labari. Matan gidanmu ma da suka san dalili, a hankali ido ya rinjayi abin da kunne ya ji. Na fara lura ana ɗauke moɗa daga kan randa in ta nufo ta. 'Yan wasan gaɗa na ƙofar gida suka riƙa watsewa in ta fito, kowacce wai an aike ta.

Abin ya ƙarasa lalacewa ranar da ɗan facalata, matar wan maigidana, ya fara kwaikwayonta. Yaro ne mai shegen tsokana, ya tsaya a tsakar gida yana ƙifta ido yana fizgar kafaɗa don a yi dariya. Uwarsa ta fito ta gan shi, ta dafe ƙirji ta hau salati, ta ce shi ke nan ya ɗauka. Ta ja shi ɗaki tana faɗa da ƙarfi yadda zan ji ta katanga, wai tun da an san abin ana ɗauka har an ware kwano, me ya sa ba za a ware yarinyar gaba ɗaya ba. Ina tsugune ina wanke ganye. 'Yata tana tsaye a bayana, na ji gyaran muryar nan tata yana ta zuwa ba tsayawa. Raina ya ɓaci, amma wadda ake zagi 'yar fari ce, ga Hajiya a zaune, ba ni ce mai magana ba. Hajiya ta ce wa facalar tawa ta ji tsoron Allah, maganar ta tsaya a nan, kwanon kuma ya ci gaba da zama a gefe.

Duk wannan hani da turare, ƙifta idon bai san ana yi ba. Wani mako ya lafa mu ce Alhamdulillahi ugu ya karɓe ta, Hajiya ta ce rubutu ne, wani mako ya dawo da sabon salo. Abin da na ga yana raguwa a kai a kai shi ne yarinyar kanta. Ta rame, ta daina tsiwa, ta daina fita ƙofar gida. In an zuba mata abinci ta ɗan tsakura ta rufe, ta kai kwanon ta wanke da kanta ta kife shi nesa da na mutane, ba wanda ya sa ta.

Madam ce ta fara sarewa da nata maganin. Ta ce, "Malama, ni fa a waya na gani, ba likita ba ce ni. Mu kai ta asibiti." Na samu maigidana na ce ko ya kai mu ko na tafi ni kaɗai, ya ga fuskata ya ɗauko makullin babur. Muka sha layi. Likitar da ta duba ta ta yi mata tambayoyi, ta sa ta tafiya da ɗaga hannu, sannan ta ce ba farfaɗiya ba ce, ba kuma abin da ake ɗauka ba ne ko da cokali ɗaya ake ci. Ta ce yana samun yara, kuma da yawansu yana raguwa in sun girma. Rage zaƙi ba laifi ba ne ga kowane yaro, amma ita ba ta san wani abinci da ke kawo shi ko ke warkar da shi ba. A bar ta ta ci abin da kowa ke ci, ta samu barci isasshe, a daina tsawata mata, a daina zuba mata ido, don damuwa tana ƙara shi. Na ji sanyi, na kuma ji haushi, na tuna duk asubar da na tashi hura wuta biyu.

Da muka dawo na tarar an kusa zuba abincin yara. Na durƙusa a gaban Hajiya, matan gida duk suna tsakar gida, na faɗi abin da likita ta ce, na ɗaga murya yadda facalata za ta ji ba sai ta katanga ba. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Hajiya, ina roƙon arziki a mayar mini da 'yata tire." Kowa ya juyo ya dube ni, don ba a taɓa jin na ce 'yata ba. Hajiya ta ajiye carbinta. Ta ce, "Ni ma na gaji, 'yar nan. Tofi dai ba zan bari ba." Na ce ba wanda ya ce ta bari. Ta miƙa hannu ta ɗauki kwanon ta tura shi ƙarƙashin gadonta.

Shinkafa da miyar kifi aka yi ran nan. Yara suka zagaye tire, ɗan facalata ma yana ciki, uwarsa ta tsaya daga nesa ta naɗe hannu. Hajiya ta ce, "Ƙawata, matsa ki ci." Yarinyar ta wanke hannu ta zo ta tsuguna, sai dai ba ta sa hannun ba. Ta waiwayo ta dube ni, ido yana ta ƙiftawa.

"Umma, in bari su gama tukuna?"

"Ci abincinki," na ce.

"In na sa hannu ba za su ɗauka ba?"

Na ce ba za su ɗauka ba, likita ta faɗa a gabanta, ai ta ji. Ta gyaɗa kai. Sai ta sa ɗan yatsa ta ja layi a cikin shinkafar, ta yanke wani ɗan lungu a gabanta, ta ture sauran wajen 'yan'uwanta. A cikin lungun nan ta ci, a hankali, tana kula kada yatsunta su tsallaka. Da ƙaninta ya miƙo hannu zai ɗauki kifin da ke ɓangarenta, sai ta riƙe masa hannu ta ce a'a, wannan ta riga ta taɓa.

Yanzu ta zama budurwa, tana gab da gama sakandare. Kafaɗar ta daina tuntuni, gyaran muryar ma haka, ƙifta idon ne kawai ke leƙowa lokacin jarrabawa, kuma sai wanda ya sani yake lura. Hajiya ta rasu tana cewa tofi ne, Madam har yau in mun haɗu sai ta ce ko ugun ya ɗan taimaka, ni kuma ba na musu da kowa. Amma ko a gidan biki aka ajiye mana tire, ina kallonta ta gefen ido. Tana hira tana dariya, ba ta ma san tana yi ba, za ta sa yatsa ta ja layin nan kafin ta kai loma ta farko.