Sunan Da Ban Taɓa Faɗa Ba

Ku da kuka san Malam mahauci a unguwar Farcha kun san ba ya yanka wa baƙo nama sai ya tambayi sunansa. Wuƙa a hannu, ƙudaje na yawo, layi ya yi tsawo, shi kuwa sai ya ce, "Bawan Allah, wa ake kira?" In ka ce Musa ko Mahamat, ya auna maka daidai, ba ragi ba ƙari. In kuwa Allah Ya sa sunanku ɗaya da shi, ka shiga uku da alheri. Zai ajiye wuƙa, ya rungume ka da hannun maiƙo, ya ƙara maka hanta, ya tambayi garin kakanka. Shi ya sa mahauta suka laƙa masa Sarkin Takwara.

Ni matarsa ce, shekara hamsin da ɗoriya, kuma sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka taso, mace ba ta kiran sunan miji. Yanzu ma da nake faɗa jikata Zara tana rubutawa, in na zo wurin sai in yi shiru, ita ta cike da alƙalaminta. Haladu. Ita ta rubuta, ba ni na faɗa ba.

Shi kuwa babu abin da yake so a duniya kamar ya ji shi a bakina. Ya ce kowa ya kira shi, mai bin sa da alheri da mai zaginsa, sai ni kaɗai.

Wata shekara muka je biki unguwar Diguel. Mai kalangu ya tashi yana wasa wani attajirin shanu, Alhaji Haladu, yana cewa shanunsa sun fi ƙarfin ƙirga. Kafin Alhajin ya gyara zama, sai ga Malam tsakiyar fili, ya baza riga yana juyi kamar zakara. Ni ina cikin mata, na rasa inda zan sa fuskata.

Makaɗin ya sassauta kiɗa ya ce, "Malam, ba da kai nake ba."

Malam ya ce, "Ka ambaci sunan uba?"

"A'a."

"Ka ambaci unguwa?"

"A'a."

"To, ka jefa suna sama, ya faɗo a kaina. Alhaji ya yi liƙi, ni in yi rawa. Ai an raba aiki!"

Alhajin ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da muka dawo gida Malam ya kishingiɗa ya ce, "Hajara, na manta waƙar nan. Ɗan tuna min." Na gane tarko ne. Na rera masa tun daga farko, da na zo kan sunan sai na yi gyaran murya na tsallake. Ya ce, "Kash! Tarin nan naki ya san inda yake kamawa."

Sai kuma maganar rediyo. Akwai wani wasan kwaikwayo da muke kamowa daga Najeriya duk Laraba bayan la'asar. Muna zaune muna shan shayi, sai aka shigo da wani ɓarawon awaki a cikin wasan, aka kira shi da sunan. Malam ya ƙware da shayi.

"Innalillahi! A duk sunayen duniya? Tun da kakana ya baro Haɗeja zai tafi Makka ya tsaya a garin nan, ba a taɓa jin mai sunan nan ya ɗauki ko allura ba!"

Ya cusa rediyon a buhu, ya ɗaure, ya tura ƙarƙashin gado. Ya ce gidan nan an gama jin ƙarya. Laraba ta zagayo, la'asar ta yi, sai na gan shi a durƙushe yana kwance buhu.

Na ce, "Malam, ba an gama jin ƙarya ba?"

Ya ce, "Ke, ba a barin ɗan'uwa cikin ɓata. In ban saurara ba, wa zai yi masa faɗa?"

Kuma faɗan yake yi masa! "Ajiye akuyar nan, Takwara! Ajiye, mai ita na bayan katanga!" Wata uku yana yi wa akwati wa'azi. Ranar da ɓarawon ya faɗa rijiya ya mutu, Malam bai ci tuwo ba. Da safe ya sa na jiƙa wake na soya ƙosai, aka raba sadaka. Maƙwabta suka yi ta shigowa gaisuwa, sun ɗauka wani ɗan'uwa ne ya rasu a Najeriya. Da limamin unguwa ya ji gaskiyar magana, ya ce, "Haba Malam, mutumin nan ba a haife shi ba, balle ya mutu."

Malam ya ce, "Liman, ka ci ƙosan?"

"Na ci."

"To, ka yi addu'a. Allah Ya san inda zai kai ta."

Sau ɗaya ya kusa cin nasara a kaina. Muka je yin katin shaida, ma'aikacin ya tambaye ni da Larabci sunan mijina. Na juya wurin Malam don ya amsa, sai na ga ya harɗe hannu yana kallon rufi, bakinsa na rawa don dariya. Ma'aikacin ya ce shi ni ya tambaya, ba wani ba. Layi ya fara gunaguni. Malam ya sunkuyo ya raɗa min, "Yau gwamnati ce ta tambaya, Hajara. Ba a yi wa gwamnati tari."

Sai na waiga, na hango wata Bahaushiya 'yar unguwar Boutalbagar a bayana. Na ce, "'Yar'uwa, kina jin wasan Laraba?" Ta ce tana ji. Na ce, "Ɓarawon awakin nan fa, ya sunansa?" Ta ɗaga murya, "A'a, Haladu!" Na ce wa ma'aikacin, "Rubuta abin da ta ce."

Kwana biyu Malam bai yi min magana ba. A na uku ya ce, "Ga Alhaji mai shanu, ga malamai masu sunan, ba ki ga wanda za ki kwatanta ni da shi ba sai ɓarawo?"

Kuna dariya, ni ma ina yi. Amma ga abin da ya sa na ce Zara ta ɗauko takarda.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, muryarsa ta koma kamar ta yaro. Wata safiya ina ba shi kunu, ba kowa a ɗakin, ya riƙe min hannu. Ya ce, "Hajara, ba tarko yau. Sau ɗaya kawai."

Wallahi sunan ya taho har kan harshena. Sai kunya ta riƙe ni, irin ta yarinyar da aka kawo jiya. Na ce, "In ka warke." Ya yi murmushi ya ce, "Mai taurin kai." Bai kai Juma'a ba.

Yanzu ko'ina na juya sunan na nan. Jikoki uku suna amsa shi. Mahautan da ya koya wa aiki sun sa wa 'ya'yansu. Mai babur ya wuce da waƙa, in ji shi a ciki, in tsaya da tsintsiya a hannu kamar za a amsa daga ɗaki. Garin ya cika da sunan, mai shi kaɗai ne babu. 'Ya'yana suna cewa, "Inna, faɗi mana, yanzu ai ba komai." Ba zan faɗa ba. Shi ya roƙa na hana shi, ba zan ba wani a bayansa ba.

Ya Allah, masu sunan nan suna da yawa, Ka jiƙan na ƙasa, Ka raya na raye. Amma Ka san nawa. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Ni kuma in tawa ta zo, Ka sa in cika da imani, Ka sauke ni kusa da shi, inda zai ji ko da na faɗa a hankali.