Koren Ɗigon Yagana

Hannuna yana kan maus ɗin kwamfutar Yagana aka kira ni yau da safe, aka ce ta rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yagana maƙwabciyata ce a Moduganari, ƙofa da ƙofa. Ni turaren wuta nake haɗawa, ita kuma aikin kwamfuta take yi wa wani kamfani daga ɗakinta. Ba ta taɓa taka ofishinsu ba. Ban ma sani ba ko suna da shi.

Wannan shafin da nake tallar turare a kai, ita ta buɗe min. Ita ta koya min ɗaukar hoton kwalabe a bakin taga. In na ɗauka a karkace sai ta ce, "Ya Hauwa, turare kike sayarwa ko kwalbar da ta sha giya?"

Ogansu ba wanda ya san fuskarsa. Ba ya kunna kyamara, murya ce kawai ke fitowa daga laftof, a hankali, ba ya ɗaga ta. Amma da ya kira sunanta sai na ga kafaɗunta sun sauka.

Akwai koren ɗigo a gefen sunan kowane ma'aikaci. In maus ya daina motsi na ɗan lokaci, ɗigon ya koma rawaya, sai oga ya tsare mutum da tambaya a gaban kowa. Wani lokaci sunan mutum ya ɓace daga jerin, ba mai tambayar ina ya tafi.

To ni ce mai motsa mata maus. In za ta yi sallah, in za ta shiga banɗaki, sai ta ƙwanƙwasa bango. Na ɗauka taimako nake yi.

Sati uku tana fama da ciwon kai da jiri. Sau biyu ta nemi izinin zuwa asibiti. Oga ya ce akwai aiki a gabansu, wanda ba zai iya ba ga hanya.

Yau wajen ƙarfe tara ta shigo, fuskarta a kumbure. Ta ce, "Ya Hauwa, ki riƙe min ɗigon kore, asibiti zan je. Yanzu zan dawo." Har ta kai zaure ta juyo: "Kar ki danna komai fa, na san ki." Muka yi dariya.

Na shiga ɗakinta na zauna a kujerarta ina juya maus ɗin, dama da hagu. Shayinta na gefe, rabin kofi.

Sha biyu saura yayanta Bakura ya kira. Ya ce a cikin keke napep ta cika, ba su ma ƙarasa asibitin ba.

Sama da awa biyu ke nan Yagana ba ta duniya, amma a wajen kamfaninsu tana zaune tana aiki.

Bayan la'asar aka kai ta. Muna zaune da mahaifiyarta, mata sun cika tsakar gida, sai laftof ya fara ƙara daga ɗaki. Bakura ya shiga, na bi shi, ya karanta min saƙonnin da Hausa. Na ƙarfe sha ɗaya ya ce: "Yau kin kyauta, haka nake so, ba tashi." Na bayansa: "Ina kike?"

Bakura ya rubuta masa cewa ta rasu tun tara da rabi.

Amsa ta zo nan take. Wai na'ura ta nuna tana aiki har kusan sha biyu, a daina yi masa wasa, gobe ta shigo mitin da wuri.

Bakura ya kalle ni ya ce, "Ya Hauwa, to wa ke aikin?"

Na juya na koma cikin mata. Da a satin farko na ce ba zan taɓa maus ɗin ba sai ta ga likita, wataƙila... Na sani, kwana ne ya ƙare.

Allah ya jiƙan ki, Yagana. Allah ya ba ki hutun da aka hana ki, ya haskaka kabarinki. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ni ma ku roƙa min gafara.

Laftof ɗin yana nan a buɗe a ɗakinta. Har yanzu ban gaya wa Bakura da mahaifiyarta cewa hannuna ne ba.