Ranar da Mai Kunne Ya Rufe Ido

Rumfar waldata tana manne da garejin Mai Kunne, fallen kwano ne kawai ya raba mu, kuma tun gashin kanmu yana baƙi muke maƙwabtaka. Ba na jin akwai wanda ke tuna sunansa na yanka a layin nan. Mai Kunne kowa ke ce masa, har matarsa idan ya ɓata mata rai.

Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Idan aka kawo mota ba ya tambayar mai ita komai. Sai ya ce a tayar, ya ɗauko wata doguwar sukundireba mai ƙotar katako wadda ta sha baƙin mai har ta ƙoshi, ya dafa tsininta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, sannan ya rufe ido. Rufe idon nan dole ne. Ya ce ido makwaɗaici ne, satar hankalin kunne yake yi. Muddin idonsa yana rufe ba mai ko tari a garejin, ni ma nakan kashe injin waldata, in ba haka ba in sha zagi ta saman kwano. Yana buɗe ido zai faɗi ciwon motar, a kwance a tarar da shi a inda ya ce. Da wannan kunnen ya gina gida, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata.

Ni na fara gane kunnen ya soma tafiya. Rediyonsa ya riƙa ƙara har yana damun masu wucewa. In ka kira shi ta baya sai ka gaji ka zagayo. Wata rana na tambaye shi ko ya ga filayata, ya ce, “Amin, amin.” Na yi dariya har da riƙe ciki, amma da na koma rumfa abin ya tsaya mini a rai. Da na samu mun keɓe na ce masa ya je asibiti a duba shi.

“Kai mai walda, wutar nan ta ƙona maka ƙwaƙwalwa,” ya ce. “Wa ka taɓa gani ya kai motarsa wurin kurma?”

Ya daɗe bai gaishe ni ba bayan wannan. Ya koyi kallon leɓen mutane, ya koyi gyaɗa kai yana cewa “haka ne” ga abin da bai ji ba. Aikin kuwa da tsohon sani yake yin sa. Ya san irin ciwon da kowace mota ke kamuwa da shi in ta tsufa, sai ya canka, kuma yawanci ya dace. Har yau ina jin haushin wannan dacewar, don ita ta ƙara masa taurin kai.

Ɗansa namiji ɗaya ne, shi ne ƙarami, kowa Auta yake ce masa. Auta ya ƙi sifana ya kama sitiyari. Wani ɗan kasuwa mai son motocin gudu ya ɗauke shi direba, cikin motocin akwai wata ja, ƙasa-ƙasa da ita kamar ta tsuguna, in ta yi gurnani sai kwanon rumfata ya amsa. Mai Kunne yakan ce motar mahaukata ce, amma in Auta ya shigo layi da ita bakinsa ba ya rufuwa.

Ran nan da hantsi Auta ya kawo ta. Kafin ya kashe, masu faci da masu fenti da 'yan zaman banza duk sun kewaye ta. Ya durƙusa ya gaida ubansa, ya ce, “Baba, akwai wata ƙara a gaba, ƙwas-ƙwas haka. In na ba ta wuta kuma sai in ji tana kakkarwa. Maigida zai yi tafiya da ita, ya ce in gwada ta a babban titi yau.”

Aka ɗaga bonet, aka tayar. Mai Kunne ya dafa sukundirebarsa ya rufe ido. Mu kuwa, kamar yadda muka saba shekara da shekaru, fuskarsa muka zuba wa ido muna jiran hukunci. Duk yawanmu ba wanda ya leƙa cikin injin. Ya matsar da tsinin nan, ya matsar can, ya daɗe fiye da yadda ya saba, gumi yana bin wuyansa. Da ya buɗe ido ya ce garkuwar salansa, wato bututun hayaƙi, ce ta saki. Ya shiga ƙasa ya ɗaure ta, ya fito yana goge hannu.

Auta ya karkata kai yana sauraro. “Baba, kamar dai har yanzu ina jin ta.”

“Ni za ka koya wa jin inji?” in ji Mai Kunne. “Tun ba a haife ka ba nake wannan aikin. Kama hanya!”

Aka kwashe da dariya. Auta ya yi murmushin kunya, ya rufe bonet, ya ce mini, “Kawu, sai na dawo.”

Da yamma aka zo da labari. A kwanar da ke gaban gada motar ta ƙi juyawa, ta tafi kai tsaye ta daki bangon siminti. Ni na kai Mai Kunne asibiti a bayan babur ɗina. Mun samu Auta da sauran numfashi, an naɗe shi ba abin da ake gani sai fuska. Da ya ga ubansa leɓensa ya motsa. Mai Kunne ya sunkuya ya kai kunnensa daidai bakin yaron, ni kuma na ja baya don in ba su wuri. Auta ya yi magana a hankali, mai ɗan tsawo, uban yana gyaɗa kai. Kafin uwar ta iso ya cika.

Bayan an tashi daga zaman makoki Mai Kunne ya roƙi ɗan kasuwar a kawo masa abin da ya rage na motar. Janwe, motar jan motoci, ta sauke ta a bakin garejin. Ya kira ni in yanke masa ƙarfen gaba da ya lanƙwashe, na yanke. Ya zura hannu ƙasan injin ya zaro wani faifan ƙarfe mai nauyi da ya maƙale a can, ya ɗora a cinyarsa.

“Ka san wannan?” ya ce. “Babban fuli ne. A bakin karanshaf yake zama, wato sandar da ke juyawa a cikin inji, noti ɗaya tak ke riƙe shi. Shi ke shanye girgizar inji, shi ke jan bel. Bel ɗin kuma shi ke ba sitiyari laushi.”

Ya nuna mini ramin tsakiyar fulin. Maimakon da'ira ya zama kamar ƙwai. Bakin karanshaf ɗin ya goge yana sheƙi kamar bayan cokali. Notin ma mun same shi, bai karye ba, zarensa lafiya lau, kwancewa ya yi a hankali har ya fita.

“Wannan ba cin rana ɗaya ba ne,” ya ce. “Ya daɗe yana rawa. Ita ce ƙarar da yaron ya ji. Da ya ba ta wuta sai fulin ya fice, bel ya zame, sitiyari ya zama dutse a hannunsa.” Ya juya fulin a hannunsa ya ce, “Ba ya ma bukatar kunne, mai walda. A fili yake kaɗawa. Ko kai da ka leƙa da ka gani. Ni da ke tsaye a kansa na rufe ido.”

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Muna nan zaune sai ga uwar Auta, wadda ban taɓa ganin ta tako garejin ba. Ba ta kalli motar ba. Ta tsaya a gabansa inda zai ga bakinta.

“Malam, kullum na tambaye ka sai ka ce in bari tukuna. Yau kam ba zan bari ba. An ce ya yi maka magana kafin ya cika. Me ya ce? Ya ambace ni?”

Mai Kunne ya dubi fulin da ke cinyarsa, ya dube ni kamar zan cece shi. Ni kuwa ina can baya a ranar, ba abin da ya iso kunnena.

“Ban ji ba,” ya ce mata. “Wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba.”