Shanun Ƙarfe Tara na Mahaifina

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ba, akwai wani fili a bayan gidanmu nan Dakoro wanda mutane ke ratsewa don kada su bi ta cikinsa. Shanu tara ne a filin, dukansu na ƙarfe, kuma mahaifina ne ya ƙera su.

Mahaifina maƙeri ne, gado ya yi. Duk abin da hauya da lauje suka kawo masa a rayuwa, a shanu ya zuba shi, jajaye masu dogon ƙaho. Shekarar da ruwa ya ƙi, ciyawa ta ƙare tun kafin sanyi ya fita. Ya rufe maƙera, ya kora su arewa wajen Bader Goula da kansa, don an ce akwai sauran haki can. Bayan wata biyu ya dawo, daga shi sai sanda. Bai ba kowa labari ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ranin da ya biyo baya ne ya fara tara tsofaffin tano, wato gangunan mai, da ƙarafan amalanke. Ya buga, ya lanƙwasa, ya ɗinke da ƙusa. Shekara shida yana abu guda. Kuma ba ƙosassun shanu ya ƙera ba. Yadda ya gan su a ƙarshe haka ya yi su, haƙarƙari a waje. Wata ta durƙusa ta kasa tashi. Wani bijimi ya miƙe wuya a ƙasa. Wata saniya tana tsaye da ƙyar, ta waiga tana neman maraƙinta, shi kuma yana bayanta kwance. Duk wadda ya gama sai ya kai ta filin, ya binne ƙafafunta.

Limamin unguwarmu ya taɓa zuwa har maƙera. Ya ce, "Mutane na magana. Suna cewa gumaka ka jera."

Mahaifina ya ajiye guduma ya ce, "Malam, ba roƙonsu nike ba. Rabinsu ko wuƙa ban samu na sa masu ba, ungulu na bar ma su. Tunawa ce kawai."

Liman ya ce, "To, kada ka yi masu idanu." Shi ya sa babu mai ido a cikinsu.

Ni kuwa kunya nake ji. 'Yan aji na ce mani Mushe, kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal, gari kuma ya sa wa filin suna gonar mushe. Sai in wuce majalisa in ji an ce, "Ga Mushe ɗan mai mushe." In yi dariya tare da su, raina na ƙuna.

Ana nan, wani abokina ya ɗauki hoton shanun, hoton ya yi ta yawo a waya. Rannan sai ga mota a ƙofar gidanmu. Wata mata ce daga wani gidan adana kayan fasaha na masu zaman kansu a Yamai. Suna da lambu a waje inda suke girke manyan ayyukan hannu, mutane na zagayawa suna kallo. Ba ta jin Hausa, mahaifina kuma bai san ko gaisuwa da Faransanci ba. Ni ne tafinta. Har da ɗaura karabat a wuya, a tsakiyar bazara, gumi na tsiyaya.

Matar ta daɗe a filin. Da ta isa gaban saniyar nan mai waige, ta cire tabarau ta tsaya tana kallonta. Daga nan ta ce a duk yawonta ba ta ga aikin da ya taɓa ta haka ba. Nan take abin da na yi shekaru ina ɓoyewa ya zama abin alfaharina. Har na kama kaina ina yi mata bayani kamar ni na riƙe guduma.

Muka zauna ƙarƙashin rumfa. Ta ce suna son huɗu, don wurin da ya rage a lambun ba zai ɗauki fiye da haka ba. Za a rubuta sunan maƙerin a allo, za a kuma gayyaci iyalinsa ranar buɗewa. Na juya wa mahaifina maganar.

Ya ce, "Gaya mata ba a raba garke. Tare suka tafi, tare suka faɗi. In za ta ɗauka ta ɗauki taran, in ba haka ba ta bar mani su."

Na gaya mata. Ta girgiza kai cikin ladabi, ta ɗaga yatsu huɗu, ta ce iyakar ikonta ke nan, ba yanzu ba, ba nan gaba ba. Ta ce in bai yarda ba babu komai, ta fahimce shi. Har ta fara rufe jakarta.

A nan ne na yi abin da na yi. Na ga Yamai tana shirin shiga mota ta tafi ta bar ni da majalisar nan. Na ce wa mahaifina, "Baba, ta ce motar huɗu take ɗauka. Bayan damina za su dawo su kwashi sauran."

Ya dube ni, ya dubi matar, ya sake dubana. Ya ce, "Haka ta ce?"

Na ce, "Haka ta ce."

Ya ce, "To."

Ita kuma na ce mata ya yarda da huɗun. Sau biyu tana tambayata ko na tabbata, don fuskarsa ba ta yi kama da ta wanda ya yarda ba. Na ce mata haka tsofaffinmu suke, ba su nuna murna.

Bayan mako biyu kamyo, babbar motar kaya, ya zo. Mahaifina da kansa ya tone ƙafafunsu, da kansa ya ɗaure su, ya cusa buhuna tsakaninsu don kada su gogi juna. Saniya mai waige tana cikin huɗun da aka zaɓa. Maraƙin ba ya ciki. Da aka ɗaga ta, ya dafa bayan maraƙin ya tsaya har motar ta ɓace.

Ranar buɗewa ya ce ba shi da lafiyar tafiya, in je a madadinsa. Lambun yana da kyau, ba zan yi masu ƙarya ba. Ciyawa kore, ana yi mata ban ruwa da tiyo. Akwai dogon mutum na dutse, akwai tsuntsayen tagulla, akwai wasu abubuwan da ban gane kansu ba. Shanunmu kuwa an raba su, kowacce da kusurwarta, don mai zagayawa ya riƙa cin karo da su ɗaya bayan ɗaya. Ramammun shanu a tsaye cikin ciyawa har gwiwa. Saniyar nan tana waige, bayanta benci ne. Aka yi mani tafi, aka ɗauke ni hoto, na ci nama.

Da na dawo ya tambaye ni, "Suna wuri guda?"

Na ce, "Wuri guda suke, Baba."

Damina ta zo ta wuce. Ya tone ƙafafun biyar ɗin da suka rage, ya kankare tsatsa, ya shafa masu baƙin mai, ya tanadi buhuna. Duk ranar kasuwa in na shigo gaishe shi sai ya ce, "Mushe, mutanenka ba su aiko ba?" In ce hanya ce ta lalace. In ce matar ta yi tafiya. In ce sai bayan salla. Ƙarya ɗaya na yi a rumfa, amma sai da na yi shekara biyu ina ciyar da ita. Sau da yawa nakan shirya maganar tun daga lakwal, in na iso in gan shi sai in tambayi jikinsa in fita.

Tari ya kama shi, irin na wanda ya yi shekara arba'in yana shaƙar hayaƙin gawayi. Muka kai shi Maradi, muka dawo da shi. Ranar Laraba da hantsi ya cika.

Bayan addu'ar bakwai, mutane sun watse, mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ba ta dube ni ba, tana tsince wake a faifai. Ta ce, "Babanku ya sani fa."

Na ce, "Ya san me, Inna?"

"Tun ranar ya sani. Da ya shigo ya ce mani, shi bai jin yarensu, amma ya tsufa a kasuwar shanu. Ya san hannun mai cewa zan dawo, ya san hannun mai cewa iyakata ke nan."

Na ce, "To don me ya yarda?"

"Ya ce ka yi magana gaban baƙuwa. In ya ƙaryata ka, wa zai ƙara ba ka ɗansa ka koya mashi?"

Na ce, "Amma kullum yana tambayata. Har ya tone sauran."

Sai lokacin ta ɗago. Ta ce, "Ba mota yake jira ba. Kai yake jira ka faɗa da bakinka."

Daga baya na rubuta wa matar nan gaskiyar abin da ya faru. Ta kira ni, ta ce a shirye suke su maido shanun huɗu. Na kai wa mahaifiyata maganar, ta ce, "A maido ma wa?" Haka suka zauna can. Biyar ɗin na mayar da ƙafafunsu ƙasa, na kewaye filin. Masu sayen tsohon ƙarfe sun gaji da zuwa.

Ina jin mutane na cewa ƙaryar alheri, ƙaryar da ake yi don a sauƙaƙa wa tsoho. Ni ma da wannan na riƙa lallashin kaina. Amma na san wanda na sauƙaƙa wa, kuma ba shi ba ne. Yau na kusa shekarun da yake da su lokacin da ya kora shanu arewa, kuma abin bai yi sanyi ba, sabo kawai na yi da shi.

Har yanzu akan kira ni tafinta. Kwanan baya a asibiti, wani likita baƙo ya duba ƙafar wani dattijo daga Ɗan Gulbi, ya ce mani sai an yanke, amma in bi da shi a hankali, in ce za a ƙara dubawa. Na durƙusa gaban gadon na ce, "Baba, cewa ya yi ƙafar ba za ta tsira ba. Yankewa za a yi."

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗana. Kwana huɗu kowa na kewaya ni."

Na ce amin. Na fita na zauna a gindin katanga.