Inna da Kwamandan 'Yan Sa Kai

Wankin motar Kawu ne ya jefa ni aikin sa kai. Kawuna direba ne, yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano, kuma a gidansa nake zaune tun da na baro Sara, can ƙasar Gwaram, na zo sakandare. Duk Asabar da safe sai ya dire min bokiti da soso a gindin motar nan tasa, wadda in ka wanke gefe ɗaya, kafin ka zagayo ɗayan ta sake yin datti don kanta. Ana haka sai aka kawo mana sabon malami, siriri mai tabarau, ya ce zai kafa ƙungiyar ɗalibai masu aikin sa kai, fita kuma duk Asabar da safe. Bai rufe baki ba hannuna yana sama. Har ya nuna ni a gaban aji, ya ce ga irin matasan da ƙasa take nema.

Aikin namu yashe kwatoci ne da kwashe leda kafin damina ta kankama. Malam ya ce za mu koyi haƙuri da sanin darajar gari. Ni abin da na fara ƙwarewa a kai shi ne jingina da shebur ta yadda mai hange daga nesa zai rantse yanzu na gama wani gagarumin aiki. Malam bai daɗe ba ya gano ni. Da ya ga bakina ya fi hannuna ƙarfi, sai ya ɗora min bin gidaje, in yi sallama in roƙi mutane su daina zuba shara a kwata. Wannan kam na iya shi. Akwai gidan da suka daina don kawai kada in dawo.

To, sai Inna. Kakata ce, mahaifiyar babana, ita ta raine ni tun da ya rasu a hatsarin mota ina ƙarami. Ba ta da waya. In zan yi magana da ita sai in kira mai cajin waya na bakin kasuwar Sara, ya aika a taho da ita. Amma tana da rediyo, kuma ba ya mutuwa sai batir ya mutu. A rediyon Inna kuwa 'yan sa kai iri ɗaya ne tak: mazan nan na can yamma masu shiga daji da bindigar toka suna artabu da ɓarayin shanu. Ni wannan duk bai zo min a rai ba ranar da na kira ta.

"Maigidan, ka manta da ni ko?" in ji ta. "Ko ka samu 'yar birni ne?"

"Wace 'yar birni, tsohuwa, ke ma da ƙyar nake riƙe ki. Aiki ne ya yi min yawa. Na shiga 'yan sa kai."

Sai na ji shiru. Na ɗauka sabis ne ya ɗauke.

"Ka shiga me?"

"'Yan sa kai. Har kayan aiki an raba mana."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Kai? Kai da zakara ya kora har ƙarƙashin rumbu?"

A nan na gane inda ta dosa. Maganar zakaran nan kuwa ta daɗe tana ci min rai, don ba a taɓa taro a gidanmu an watse ba a tayar da ita ba. Sai na gyara murya.

"Jiya ma mun tarwatsa wata maɓoyarsu a bayan tasha. Inna, ba ki ga yawansu ba. Suka taso mana gaba ɗaya. Waɗanda na kashe ni kaɗai, da hannu, ba sa ƙirguwa."

Sauro nake nufi, kuma a duba maganata kaf, babu ƙarya ko ɗaya. Na buɗe baki zan ƙarasa mata, kati ya ƙare. Na ce gobe na sake kira. Goben ta zama jibi, jibin ta shige.

Bayan 'yan kwanaki wani direban Gwaram ya kawo min ƙunshi. A ciki akwai guru, da layu, da galan ɗin rubutu, da ƙuli-ƙuli mai yawan da zai ciyar da bataliya. Ranar Asabar na ɗaura gurun a kan rigar makaranta na fita. Abokaina suka yi ta sara min da tsintsiya, wani ya ce a gwada shi da manjagara a gani ko yana ci. Muka cinye ƙuli-ƙulin, muka yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar Juma'a da yamma dariya ta ƙare. Ina zaune a ƙofar gida sai ga ɗan acaɓa ya sauke Inna. Inna fa, wadda warin fetur yake juya mata ciki, wadda tun rasuwar babana ba ta shiga mota sai dole ta kai dole. A hannunta akwai jakar bakko, babu komai a ciki. Na taso ina cewa, "Amarya da kanta!" Ta dube ni daga sama har ƙasa kamar tana ƙirga gaɓoɓina, sannan ta kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji a bakinta ba.

"Shiga ka haɗa kayanka. Bokon ya isa haka."

Kawu ya fito da sauri ya durƙusa ya gaishe ta. Da ya ji zancen ya ce, "Haba Inna, shara fa suke yi."

"Rufe min baki. Yaro ya faɗa min da bakinsa ya yi kisa, kana ce min shara."

"Inna, sauro ne," na ce.

"Eh, da ka ga bakko sun zama sauro." Ta zauna a kan tabarma, ta ajiye jakar a gefenta. "Na binne ubansa. Ba zan zauna in jira a kawo min wannan a bayan a-kori-kura ba."

Kawu ya ja ni gefe ya ce shi fa ɗan'uwan uwa ne, in dangin uba suka ce a ba su ɗansu ba shi da ta cewa. Saura min shekara guda in gama sakandare, ga shi bakina zai mayar da ni Sara kiwon awaki. Abu ɗaya ya rage min: Inna ta ce ba za ta bar garin ba sai ta ga kwamandan da yake kwashe 'ya'yan mutane, ta faɗa masa abin da ke ranta.

Da safe ta ci ɗamara da mayafi, ta ɗauki sandarta, ta sa ni a gaba, Kawu yana biye. A ranar aikinmu a wani kwalbati ne da ya toshe, wanda duk damina yake mayar da ruwa cikin gidan wata dattijuwa. Muna isa muka tarar da Malam yana fama da baro, tayar ta lotse, baron yana neman kayar da shi.

Inna ta tsaya a gabansa ta dogara sanda. "Kai ne shugaban 'yan sa kai?"

Malam ya russuna. "Ni ne, Inna. Sannu da zuwa."

Ta dube shi, ta dubi tabarau, ta dubi ƙafafunsa. "Kai ɗin?"

"Ni ne dai."

"To ina bindigogin?"

Malam ya waiwayo ya dube ni. Duk ƙungiyar ta waiwayo ta dube ni. Ni kuwa na dubi kwata, na ga babu wurin da ya fi ta kwanciyar hankali a duniya, sai na naɗe wando na faɗa ciki har gwiwa.

Ban san bayanin da Malam ya yi mata ba, don ban ɗago ba. Na yi ta kwasar laka da leda da matattun takalma, har da wani abu da na roƙi Allah ya sa tsumma ne. Wani abokina ya ɗaga murya ya ce, "Malam, a duba shi fa, ba lafiya ba. Shebur ɗinsa ya taɓa ƙasa!" Ban kula shi ba. Gumi yana shiga min ido, sauro suna ramuwar 'yan'uwansu, ni dai bakkon nan kawai nake gani. Can wajen hantsi wani ya zura gora ta ɗaya bakin kwalbatin, muka ja wani curin buhu, sai baƙin ruwan da ya kwana biyu a tsaye ya yi gurnani ya wuce. Muka sa ihu kamar mun ci kofi.

Da na fito, na tarar an shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwa, dattijuwar gidan ta kawo mata kunu, suna hira kamar tare suka yi 'yan mata.

"Wancan mai lakar jikanki ne?" in ji matar. "Ai shi ne mai zuwa yi mana wa'azin shara. Baki kamar rediyo. Amma yana da gaisuwa, ba ya shiga gida sai an ce ya shigo. Bara ruwa har ƙarƙashin gadona ya kwana. Bana in Allah ya so zan yi barci."

Inna ta daɗe tana kallona, ni kuma ina tsaye laka tana ɗiga, ina jiran hukunci. Sannan ta juya wajen Malam.

"Ɗan nan, a garinmu wannan gayya sunansa. Da gayya kuka ce, da ban sha warin fetur ba."

"Gaskiya ne, Inna. Sai dai ita gayya gayyato mutum ake yi. Wannan kuwa shi yake kawo kansa."

"Wannan? Ya kawo kansa?" Ta nuna ni da sanda. "Ni na raine shi, ko tsintsiya ya gani canza hanya yake. Akwai dai abin da yake gudu."

Sai Kawu ya tafa hannu. "Wankin mota!"

Haka aka tona ni a bainar jama'a, ina cikin laka, babu ko mai kare ni. Amma Inna tana dariya, har tana share ido da bakin mayafi, kuma da ta sake magana cewa ta yi, "Maigidan, je ka wanke jikinka, kana kunyata ni a gaban mutane." Jin wannan sunan na san na tsira.

Bakkon ba ta koma da shi ba. Ta ninke shi ta ba Kawu, ta ce duk ranar da Malam ya ce shebur ya koma abin jingina, a sako mata ni a ciki. Gurun kuma ta karɓe ta miƙa wa Malam, ta ce shi ya fi ni bukata, ko don kada iska ta ɗauke shi. Kawu ya mayar da wankin mota ranar Lahadi. Shebur kuwa har yau yana taɓa ƙasa, kuma abin haushin shi ne na fara jin daɗinsa. Duk ranar da aka yi ruwa sai na bi ta kwalbatin nan na leƙa, kamar wanda ya ba da ajiya.

Da aka yi hutu na tafi Sara. Ina sauka mai cajin waya ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da fama, namijin duniya!" Mai nama ya ƙara min tsire. Yara suka bi ni a baya suna leƙen jakata.

Ina shiga gida na ce, "Inna, ba ki gaya musu gaskiya ba?"

"In gaya musu me? Tun da labarinka ya bazu ba wanda ya sake tsallako min danga ya tsinki zogale." Ta miƙo min tsintsiya da kwando, ta nuna turken awaki da haɓa. "Ga wata maɓoyar tasu can. A je a tarwatsa."